Taku Uku na Ɗigo

Da hantsi aka kawo rediyon Baba Yerima,
mai sayar da igiya a bakin tashar Kumo.
Tun daren jiya ta yi gum, in ji shi,
ba labarai, ba kiɗa, ko tsakin tsaka babu.

Maigidana Malam Tukur ya kwance bayanta,
ya kai hanci, ya ce, kwail ne ya ƙone,
wannan siririyar wayar jan ƙarfe
da aka naɗe a kan baƙin sanda
kamar zare a jikin mazari.
Ya ɗauki kwalin ashana ya rubuta:
sifili, ɗigo, uku, uku, milihenri.
Ya ce in duba cikin gwangwanin madara,
shi zai je jana'iza, sai bayan la'asar.

Na zazzage gwangwani a kan tabarma.
Kwail bakwai na samu, guda mai kyau,
a jikinsa ɗari uku da talatin,
sai wani harafi mai jela kamar ta ɓera.
Na ce ina sifili da ɗigo,
ina ɗari uku? Wannan ai ya yi girma.

Sai na rufe shago na hau motar Gombe,
kuɗin motar daga aljihun Malam.
A tsohuwar kasuwa na sami Ikenna,
ya karanta kwalina, ya miƙo hannu baya,
ya ajiye min ɗari uku da talatin,
da harafin nan mai jela yana kallona.
Na ce, Oga, ba yau aka haife ni ba.
Ya ce, to, sauka lafiya.

Na dawo ana kiran magariba,
hannu wofi, ciki wofi, ƙafa duk ƙura.
Malam na zaune a benci yana ɓare gyaɗa.
Bai yi faɗa ba. Gara ma ya yi.

Ya ce, Babayo, wa ake kira Abubakar a makaranta?
Na ce, ni ne.
Ya ce, a gida fa?
Na ce, Babayo, ni ne dai.
Ya ce, to ka je Gombe neman Abubakar,
ka bar Babayo kwance a tabarma.

Ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana:
henri ɗaya, mili dubu ne a cikinsa,
mili ɗaya, maikiro dubu,
maikiro shi ne mai jelar da ka raina,
shi ma in ka fasa shi, nano dubu ke zuba.
In za ka sauka daga babba zuwa ƙarami,
ɗigo zai yi taku uku zuwa dama.
In hawa za ka yi, ya koma hagu,
taku ukun nan dai, ba ragi, ba gyara.

Ya ɗora ƙwayar gyaɗa a mazaunin ɗigo,
ya ce, tura.
Na tura ta wuce uku na farko,
na tura ta wuce na biyu,
na tsaya, don lamba ta ƙare.
Ya ce, in hanya ta ƙare, sifili ake shimfiɗawa.
Na zana sifili, na tura,
sai ga ɗari uku da talatin a ƙasa,
ni na rubuta shi da yatsana.

Malam ya ɗauke ɗigon ya jefa a baki.

Da fitilar waya muka liƙa kwail da dalma,
na murɗa, ta yi tari, ta yi shaƙuwa,
sai ga murya tana faɗin farashin wake.
Baba Yerima ya rungume ta ya tafi,
bai san ta kai ni Gombe ba.

Kuɗin motar kuwa, Malam bai manta ba.
Sati uku yana cirewa daga na abincina,
kullum Juma'a yana cewa, taku ɗaya kenan.